Garkuwar jikina ta yi yawa ne ko ta yi kaɗan? Tambaya kan lupus da sakamakon gwajin jinina

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata uku da wata huɗu da aka tabbatar mini ina da lupus, amma sai yanzu na ci karo da tambayar da ta hana ni barci. Duk wanda ya san abin ya taimaka mini, ko likita ne, ko ma'aikacin ɗakin gwaji, ko wadda ta riga ni daɗewa da ciwon.

Tun ranar farko abin da aka gaya mini shi ne garkuwar jikina ce ta juyo kaina, take yaƙar gaɓoɓina da fatata. Na riƙe wannan bayanin hannu biyu. Ina shan hydroxychloroquine kullum, ga prednisolone da aka yi ta ragewa har ya dawo 5 mg. Kusan shekara guda ciwon yana kwance. To, sati shida da suka wuce ya fara motsi. Da safe yatsuna su ƙi lanƙwasuwa, in zauna da rigar makarantar ɗana a cinyata na kasa saka masa maɓalli, shi kuma yana tsaye yana kallon hannuna. Wani ɗan miki ya fito mini a ganɗa, ba ya zafi, da harshe na gano shi. Gashi kuwa duk na taje sai na tsince shi a mataji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shatin safa da yake kwantawa a idon sawuna da yamma, da kumfar da nake gani a fitsari, wadda ba ta bajewa ko an daɗe.

Na je an ɗebi jini. Ga abin da ke takardar: fararen ƙwayoyin jini 3,100, limfosait (wani rukuni ne daga cikinsu) 700, C3 58, C4 7, dukkansu ƙasa da ma'aunin da aka buga a gefe. Anti-dsDNA kuma ya hau sama fiye da na bara. A fitsari an rubuta furotin 2+.

Ga inda kaina ya kulle. In dai garkuwar ce ta yi ƙarfi har take cin jikina, me ya sa ƙwayoyinta suka yi ƙasa haka? Ai na ɗauka in ciwon ya tashi yawansu zai ƙaru. Yayata da ta ga takardar hankalinta ya tashi, ta ce garkuwata ce ta mutu, washegari ta kawo mini kwalbar kafso wai na ƙara ƙarfin garkuwa. Ban sha ba, amma kwalbar na nan kan madubi, kuma wallahi wani lokacin sai in ji kamar ita ce da gaskiya.

Na biyu, na karanta cewa akwai wasu ƙwayoyi da ake kira Th17 da Treg, wai su ne ma'auninsu ke karkacewa a masu lupus, kuma karkacewar tana tafiya da tsananin ciwon. Zan iya cewa a yi mini wannan gwajin? Ranar ganin likitana saura sati uku.

Ɗan Lab ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu Maman Biyu, Allah ya ba ki lafiya. Ni ba likita ba ne, aikina ƙirga waɗannan ƙwayoyin ne, shekarata tara ina gaban na'urar. Maganar magani ta likitanki ce, amma takardar zan iya karanta miki.

Na'urar da ta ba ki 700 kawuna kawai take ƙirgawa, ba ta san wane ne wane ba. Limfosait kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyin B, su ke ƙera antibodi, wato furotin da ke kama abokin gaba, har da anti-dsDNA ɗin da ya hau miki, wanda shi DNA ɗin jikinki yake kamawa. Akwai ƙwayoyin T, a cikinsu akwai masu kisa, akwai masu ba da umarni da muke kira CD4. A cikin CD4 ɗin nan ne maganarki take. Th17 'yan zuga ne. Suna fitar da wani sinadari, IL-17, mai kiran sauran mayaƙa su taru a wuri har ya kumbura. Ba don sharri aka halicce su ba, su ne ke tsare fata da hanji daga ƙwayoyin cuta. Treg kuma masu rabon faɗa ne, su ke cewa ya isa, wannan namu ne, a kyale shi. Ba su da yawa, a mai lafiya ma kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari na CD4, amma in babu su jiki cin kansa yake yi. An ga haka a jariran da aka haifa da matsala a ƙwayar gadon FOXP3, wadda ita ce ke mai da ƙwayar T ta zama mai rabon faɗa: tun suna 'yan watanni garkuwarsu ke afka wa hanjinsu da fatarsu. Shimon Sakaguchi na Japan shi ya bayyana waɗannan ƙwayoyin a 1995, kuma a 2025 aka ba shi kyautar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell, waɗanda suka gano aikin FOXP3 a 2001.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina makaranta shi ne ɗan zuga da mai rabon faɗa uwarsu ɗaya. Sabuwar ƙwayar CD4 tana iya zama kowanne, ya danganta da abin da ta taso a ciki. In ta sami sinadarin TGF-beta shi kaɗai sai ta zama Treg. In aka haɗa mata da IL-6, wanda yake yawaita a jikin da ke cikin kumburi, sai ta karkata ta zama Th17. Ga shi kuma Treg ba sa rayuwa sai da wani sinadarin da ake kira IL-2, ƙwayoyin T na masu lupus kuwa ba sa yin sa isasshe. Kin ga ke nan kumburi yana haifar 'yan zuga, masu rabon faɗa kuma suna cikin yunwa. Gida yana iya raguwa da mutane rikici ya ƙaru, in dai dattawan ne suka fita.

Me ya sa jimillar ta faɗi kuma? Da farko, cikin antibodin da jikinki ke ƙerawa akwai masu kama limfosait ɗin kansu. Sannan ƙwayoyin da aka zuga da yawa saurin mutuwa suke yi. Wasu kuma ba mutuwa suka yi ba, fita suka yi daga jini suka shiga fata da gaɓoɓi da ƙoda, inda ake faɗan. Mu kuwa daga jijiya muke ɗiba, wanda ya tafi fagen daga ba ma ganin sa. Shi ya sa faɗuwar limfosait a mai lupus sau da yawa alama ce ta ciwon yana aiki. Magunguna ma suna rage su, prednisolone na ciki.

C3 da C4 su ma haka. Furotin ne da ke yawo a jini, da zarar antibodi ya kama abin da ya kama suka dunƙule, sai su manne musu, ana cinye su ana cinye su. In kika ga itace na raguwa, wuta ce ke ci. Waɗannan dunƙulen kuma matatar ƙoda suke zuwa su maƙale.

Gwajin Th17 da Treg akwai shi, da wata na'ura ake yi mai bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da hasken leza, amma na masu bincike ne. Babu ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa da za a ce ƙasa da kaza ciwo ne. Su kansu masu binciken sun saɓa: wasu sun sami Treg sun ragu a masu lupus, wasu sun sami yawansu daidai, wasu ma sun ƙaru, domin ƙwayar T da aka zuga takan ari alamomin Treg na ɗan lokaci ta rikita ƙirga. Ko an yi miki, ba zai canza abin da likita zai yi ba. Abin da ke hannunki ya isa.

Anti Mai Haƙuri ta amsa:

Ƙanwata, sannu. Shekarata 16 da wannan ciwon, kuma takardarki kamar tawa ce ta shekara ta huɗu. Ni ban san sunayen ƙwayoyin nan ba a lokacin, amma kumfar nan na san ta, shatin safa ma na san shi.

Bari in gaya miki kuskurena don kada ki maimaita. Na ji sauƙi na tsawon lokaci, na gaji da haɗiyar ƙwaya, sai na ajiye hydroxychloroquine ban gaya wa kowa ba. Wata biyar lafiya lau, har ina cewa ashe na warke. Sannan ƙafa ta fara kumbura. Na ce tsayuwa ce. Fuska ta kumbura da safe, na ce barci ne. Ƙoda ba ta ciwo, ƙanwata, wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya mini. Gaɓoɓi su sa ki kuka, ƙoda kuwa shiru take yi. Da aka ɗebi ɗan yankinta aka duba, aka ce mataki na 4 ne cikin shida. Na yi shekaru ina shan mycophenolate. Alhamdulillahi ƙodata tana aiki har yau, amma na san da ƙyar na sha.

Tun daga nan nake da littafi. Duk gwajin da aka yi sai na rubuta rana, da C3, da C4, da anti-dsDNA, da furotin na fitsari, a gefe kuma in rubuta yadda jikina yake a satin. Bayan shekaru sai na gane nawa salon. Ni anti-dsDNA ɗina kusan kullum a sama yake, ko ina cikin ƙoshin lafiya, likitana ma ya daina firgita da shi. Amma in C3 ya fara gangarowa gwaji biyu a jere, to ba a daɗewa jikina zai faɗa mini. Wata da muke haɗuwa a layin asibiti nata akasin haka ne. Kowa da yadda nasa ke tafiya, lamba ɗaya ba ta magana sai an jera ta da 'yan'uwanta na baya.

Rana kuma ki kiyaye ta. Sau biyu ciwona yana tashi bayan na yini a waje ba kariya.

Kwalbar nan ki mayar wa yayarki, amma da lallashi. Ƙauna ce ta sa ta saya. Ni ma an kawo mini irinsu ba adadi, kuma duk wanda ya kawo da hawaye a idonsa ya kawo. Ki ce mata likita ya hana.

Sati uku ya yi nisa. Gobe ki kira su.

Likitan Gaɓoɓi ya amsa:

Malama, sannu da jiki. Ba zan iya duba ki daga nesa ba, amma maganar Anti ita ce tawa: furotin a fitsari, da kumburin ƙafa, da C3 da C4 a ƙasa, da anti-dsDNA a sama, in suka haɗu ba a jiran sati uku. Ki nemi a gan ki cikin kwanakin nan. A auna hawan jini, a duba kiriyatinin, wato gwajin jini mai nuna yadda ƙoda ke aiki, a auna ainihin yawan furotin ɗin da ke zuba, domin 2+ kintace ne kawai. In ya kai rabin giram a yini ko ya wuce, yawanci mukan ba da shawarar a ɗebi ɗan yankin ƙoda a duba, don shi ne ke nuna irin maganin da ya dace.

Kin tambayi yadda ake auna tsananin ciwon. Ma'aunin da aka fi amfani da shi sunansa SLEDAI, a Toronto ta Kanada aka tsara shi, ya fito a 1992. Abubuwa 24 ne, kowanne da makinsa. In na bi abin da kika rubuta: kumburin gaɓoɓi maki 4 in likita ya tabbatar da shi, mikin baki 2, zubar gashi 2, faɗuwar C3 da C4 2, hawan anti-dsDNA 2. Kin ga 12 ke nan. In furotin ya wuce rabin giram a ƙara 4. Wannan ciwo ne mai aiki sosai. Ki lura da wani abu: limfosait ɗin da ya tayar wa yayarki hankali ba shi da maki ko ɗaya a wannan ma'aunin, fararen ƙwayoyin ma sai sun yi ƙasa da 3,000 ake ba su maki 1. Gajiya ita ma ba ta da maki, kuma wannan yana damuna, domin ita ce abin da marasa lafiyata suka fi kuka da shi.

Bayanin abokin aikina na ɗakin gwaji daidai ne, sai dai ina so in ƙara nauyi a wani ɓangaren. Th17 da Treg yanki ne na labarin. A wajen magani, hujjar da ta fi ƙarfi tana kan ƙwayoyin B da sinadarin intaferon. Ga yadda abin ke juyawa. Ƙwayoyin jiki suna mutuwa kullum, a mai lafiya nan da nan ake share gawarsu. A mai lupus sharar tana jinkiri, sai abin da ke cikin ƙwayar, har da DNA, ya zube a fili. Hasken rana yana ƙara kashe ƙwayoyin fata, dalilin abin da Anti ta gani ke nan. Wasu ƙwayoyin garkuwa su ga DNA ɗin su ɗauka bairos ne ya shigo, sai su saki intaferon. Shi kuma ya zuga ƙwayoyin B, tare da wasu masu ba da umarni da ake kira Tfh, a ƙera ƙarin antibodi, antibodin ya kama ƙarin DNA, a sake sakin intaferon. Hydroxychloroquine yana toshe kunnen da ke jin wannan ƙararrawar ta ƙarya, shi ya sa ba ma son a daina shi. A wani bincike da aka yi a Kanada a 1991, waɗanda aka cire musu shi ciwonsu ya tashi ninki biyu da rabi fiye da waɗanda suka ci gaba da sha. Sharaɗinsa shi ne kada ya wuce 5 mg ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, kuma a riƙa duba ido.

Sababbin magungunan ma wannan hanyar suka bi. Belimumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2011, yana hana ƙwayoyin B wani sinadari da suke rayuwa da shi. Anifrolumab na 2021 yana toshe intaferon. A Erlangen ta Jamus, tun 2021 tawagar Georg Schett ta fara gwada share ƙwayoyin B gaba ɗaya ta hanyar CAR-T, wato a gyara ƙwayoyin T na mara lafiyar don su farauce su, a wasu 'yan tsirarun da duk magani ya gagara, ciwonsu ya kwanta, amma har yanzu a matakin gwaji ake. Ta ɓangaren Th17 kuwa, maganin ustekinumab ya ba da fata da farko, aka dakatar da babban gwajinsa a 2020 saboda bai nuna amfani ba. Ana kuma gwada ba da IL-2 kaɗan-kaɗan don a ciyar da Treg, shi ma bai zama maganin yau da kullum ba tukuna.

Game da kafso: a karanta abin da ke ciki. Irin su echinacea da spirulina da alfalfa ana sayar da su da sunan ƙarfafa garkuwa, kuma muna hana masu lupus shan su, domin ba sa zaɓen wanda za su zuga. Amma tsoron yayarki yana da tushe. Mai lupus tana saurin kamuwa da cuta, ciwon da magungunansa duka suna jawo haka. In zazzaɓi ya zo kada ki ce lupus ne kawai, ki je a duba. Gwajin CRP, mai auna kumburi a jini, yana taimaka mana, don a tashin lupus sau da yawa ba ya hawa sosai, in ya yi sama ƙwarai mukan fara neman ƙwayar cuta.

Abu na ƙarshe, in akwai yiwuwar ciki ko niyyarsa, ki faɗa kafin a rubuta miki sabon magani. Mycophenolate yana illata ɗan tayi, akwai wasu da ake musanyawa da shi. Kada kuma ki ƙara ko ki rage prednisolone da kanki.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku. Na kira washegari kamar yadda Anti ta ce, da na ambaci kumfa da kumburin ƙafa aka ce in zo a ranar. Hawan jinina 148 bisa 94, ni da ban taɓa samun haka ba. Kiriyatinin yana nan daidai, alhamdulillahi. Furotin kuwa an ce ya kai giram 1.3 a yini. An ƙara mini prednisolone, an ba ni maganin hawan jini wanda aka ce yana kare ƙoda, kuma mako mai zuwa za a ɗebi yankin ƙodar. Na faɗa musu ba ni da ciki.

Yayata ta zo da daddare. Na zaunar da ita na ba ta labarin 'yan zuga da masu rabon faɗa yadda Malam na ɗakin gwaji ya rubuta. Ta yi shiru, sannan ta ce, to ni kafson nan wa zai ƙara wa ƙarfi a cikinsu? Na ce ba wanda ya sani. Ta ɗauki kwalbar ta saka a jaka, tana share ido. Ita ce za ta kwana da yaran ranar.

Na sayi littafi ma, na kwafe gwaje-gwajen shekara uku a ciki. Sai ga shi C3 ɗina ya fara sauka tun gwajin wata biyar da suka wuce, daga 104 zuwa 88, lokacin ina jin kaina garau, ban ko kalli lambar ba.

Anti, ki yi haƙuri da ni, ɗibar ƙodar nan ce ke ba ni tsoro. Da zafi? Mutum yana farke ake yi?

Anti Mai Haƙuri ta amsa:

A farke ake yi, ƙanwata. Za ki kwanta rubda ciki, su duba wurin da na'urar hoto, su yi miki allurar kashe zafi a baya. Ita ce kawai ke ɗan yin raɗaɗi. Daga nan sai su ce ki riƙe numfashi, ki ji wani ƙas kamar an danna biro, sau biyu ko uku. Ƙarar ce ta firgita ni don ba a gaya mini ba, yanzu ke kin sani. Bayan nan za ki kwanta rigingine na wasu awanni ba tashi, suna auna jininki suna duba launin fitsari. Ki gaya musu duk maganin da kike sha tun yanzu, musamman in akwai asfirin ko mai tsinka jini. Sati biyu bayan nan kada ki ɗauki abu mai nauyi, har ƙaramin yaronki, ki bari yayarki ta ɗauke shi. In sakamakon ya fito ki dawo ki gaya mana matakin da aka samu.